Janwen Ruwa: Yadda Ƙaramin Jirgi Ke Tura Kayan Tirela 50, Da Dalilin Da Ba A Ganinsa A Gulbin Kabi

Duk matashin da ya tashi a Badariya ya saba ganin tireloli cike da buhunan shinkafa suna barin Birnin Kebbi. Ga kuma gulbi kwance a bayan gari, ya biyo ta Argungu zai gangara ya haɗu da Kogin Kwara, amma ban da kwale-kwale ba abin da ke dako a kansa. A wasu ƙasashe, irin wannan kaya kan ruwa yake bi, kuma na'urar da ke aikin ita ce jirgin janwe.

Mene ne janwen ruwa?

A kwatanta shi da tirela. Kan mota ke da inji, bodi kuwa kaya kawai yake ɗauka. Haka abin yake a ruwa: akwai jiragen dako masu faɗi, masu shafaffen gindi, waɗanda ba su da inji, sai ƙaramin jirgi guda wanda kusan duk cikinsa inji ne da tankin mai. Amfanin raba su shi ne inji ba ya zaman banza. Janwe zai ajiye jiragen da ya kawo ana sauke kaya, ya ɗauki wasu ya juya.

A Kogin Misisifi na Amurka, jirgin dako ɗaya kan ɗauki tan 1,500, wato kayan tirela 50 idan kowace ta ɗauki tan 30. Janwe guda kan haɗa irinsu 15 ya tura, a ƙasan kogin ma har fiye da 30.

Daga tururi zuwa dizal

A shekarar 1803, wani injiniya ɗan Sukotlan mai suna William Symington ya gwada jirgin tururi mai suna Charlotte Dundas, wanda ya ja jiragen dako biyu, kowane tan 70, a mashigin ruwan Forth da Clyde. Gwajin ya yi nasara, amma masu mashigin suka ƙi karɓa, don tsoron igiyar ruwan da yake tayarwa za ta zaizaye gaɓa.

A Najeriya, kamfanin Royal Niger, daga baya UAC da John Holt, sun yi amfani da jiragen tururi masu babbar ƙafa mai juyawa a baya. Daga Burutu suke tasowa su hau Kwara zuwa Lokoja da Baro, wasu su bi Binuwai har Garwa ta Kamaru. Ta ruwa aka kawo ƙarafan da aka shimfiɗa layin dogo daga Baro, wanda ya isa Kano a 1911. Daga baya injin dizal da farfela suka maye gurbin tururi.

Me ya sa turawa ta fi ja?

Sunansa janwe, amma a kogi yawanci turi yake yi. Idan ana ja da igiya, ruwan da farfela ke watsawa baya yana bugun jiragen dako, ƙarfi ya tafi a banza. Idan kuma ana gangara, ruwa na iya kwaso jiragen su afka wa mai jansu. Shi ya sa ake ɗaure su tamau da wayoyin ƙarfe su zama abu guda, janwe ya tsaya a baya.

Wannan ne ya ba shi siffarsa:

- Goshi shafaffe mai ginshiƙan ƙarfe biyu a tsaye, inda yake dafa jiragen dako.
- Ɗakin matuƙi a sama sosai, don ya hango gaba ta saman kaya.
- Gindi marar zurfi, an kuma ɓoye farfela cikin wani rami a ƙasan jirgin don kada ta taɓa yashi.
- Zoben ƙarfe kewaye da farfela, wanda Bajamushe Ludwig Kort ya fito da shi a shekarun 1930. Yana ƙara ƙarfin turi idan ana tafiya a hankali.
- Allunan juya akala a bayan farfela da kuma gabanta, don jirgi ya iya sarrafuwa ko yana ja da baya.

Gudu ba shi ne aikinsa ba. Kamar tarakta yake: sannu, amma ƙarfi kamar me. A yau matuƙi yana da GPS irin na waya, da na'urar da ke aika sauti ƙasa ta auna zurfin ruwa, ta nuna a allo.

To me ya hana shi zuwa Kebbi?

Zurfi. Jirgin dako irin na Misisifi yana nutsewa kusan mita uku idan ya cika. Gulbin da ya ratsa Argungu da Birnin Kebbi kuwa na fadama ne: da damina ya bazu, da rani ya janye ya rabu rassa-rassa. Matan Fada, inda dubban masunta ke faɗawa da homa da gora lokacin bikin kamun kifi, ba hanyar babban jirgi ba ce. Madatsun Bakolori da Goronyo ma sun sauya yadda ruwan ke saukowa.

Inda ake da fata shi ne Yawuri, a bakin Kwara. Kogin na cika sau biyu a can: farin ruwa na daminar gida, sai baƙin ruwa da ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya daɗe a fadamun Mali, ya iso cikin hunturu. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, an gina mata mashigar jirage, wato ɗakin ruwa mai ƙofofi da ake cikawa ko a rage don ɗaga jirgi ko sauke shi. Madatsar Jebba ma tana da irinta.

An yi yunƙurin farfaɗo da hanyar. An kafa hukumar NIWA a 1997, hedikwatarta a Lokoja. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kogin daga Warri zuwa Baro, kilomita 572, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar Baro a Janairun 2019. Sai dai yashi ba ya jin ƙaddamarwa, kowace damina sai ya dawo. Idan ba a ci gaba da yashewa, da sa alamun hanya, da kula da ƙofofin madatsu ba, janwe komai ƙarfinsa a gaɓa zai kwana.

Har yanzu dai buhun shinkafar Kebbi kan kwalta yake bi, kuma kuɗin dizal ɗin tirela yana cikin farashin kowane mudu. Ranar da aka ga janwe ya taso daga Yawuri da kaya, a san cewa ba sabon inji aka ƙirƙiro ba. Kogin aka gyara.