Kujera ɗaya ga Afirka ta Yamma: lissafin daulolin wasannin kwamfuta

A ranar 11 ga Fabrairu, 2025, kamfanin Firaxis na Amurka ya fitar da Civilization VII, wasan kwamfuta na dabarun mulki da yaƙi, inda ɗan wasa ke zaɓar shugaba da daula, ya kafa birane, ya yi ciniki, ya kai hari ko ya ƙulla sulhu. Cikin shugabanni kusan ashirin da aka fara da su akwai Sarauniya Amina ta Zazzau. Abin farin ciki ne, domin tun da aka soma wannan jerin wasanni a 1991 ba a taɓa sa wani daga ƙasar Hausa a sahun shugabanninsa ba. Sai dai idan aka ƙirga dauloli, murnar takan ragu.

Wasan farko na 1991 yana da dauloli 14, biyu daga Afirka: Masar da Zulu, wato kashi 14 cikin ɗari. Na biyar, wanda ya fito a 2010, ya kammala da dauloli 43, shida na Afirka: Masar, Songhai, Kartaj, Habasha, Maroko da Zulu. Kashi 14 ne kuma. Na shida ya kai 50, na Afirka shida ne dai (Masar, Kongo, Nubiya, Zulu, Mali, Habasha), kashi 12. Na bakwai ya buɗe da 30, huɗu namu ne: Masar, Aksum, Songhai da Buganda, kashi 13. Shekara 34 ke nan, yawan daulolin ya taɓa ninkawa fiye da sau uku, amma rabon Afirka bai gusa daga ɗaya bisa bakwai ko ɗaya bisa takwas ba. A wasa na shida, daulolin Turai ba su gaza 16 ba, kusan sulusin jerin gaba ɗaya. Yawan jama'ar yau ba shi ne ma'aunin tarihi ba, amma ya kamata a san cewa Afirka na da kusan kashi 18 na mutanen duniya, Turai kuwa ba ta kai kashi 10 ba.

Lissafin ya fi ciwo idan aka matso gida. Afirka ta Yamma kujera ɗaya take samu, kuma dauloli biyu ke karɓa-karɓa a kanta: Mali a wasa na huɗu (2005), Songhai a na biyar, Mali a na shida, Songhai a na bakwai. Babu Borno ta Idris Alooma, babu Oyo, babu Benin, babu Asante, babu Daular Sakkwato mai masarautu kusan talatin. Shi ya sa Amina ta shigo wasan ba tare da ƙasarta ba. Sabon tsarin ya raba shugaba da daula, don haka wanda ya ɗauke ta sai ya haɗa ta da Aksum ko Songhai ko wata ƙasar da ba ta taɓa takawa ba. Lambobin da aka ba ta ma suna nuna yadda aka fahimce ta: ƙarin ƙarfi maki 5 ga mayaƙanta a fili da hamada, da ƙarin zinari daga hajar da aka ajiye a birane. Yaƙi da fatauci ke nan. Ba su yi kuskure ba, amma sun taƙaita.

Wasan da ya ba Hausawa daula tasu ta kansu shi ne Age of Empires III, a ƙarin da ya fito a Agusta 2021 mai ɗauke da Hausa da Habasha. An fara wasan tun 2005, ya yi shekara 16 babu daular Afirka ko ɗaya da za a iya zaɓa, kuma daga baya da jerin ya kai 22, biyun nan ne kaɗai, kashi 9. A nan ma Amina ce shugaba, amma babban birnin da aka ba ta Kano ne. Duk wanda ya tashi a ƙasar Kano, ko a Utai ta ƙasar Wudil ko a cikin badala, zai tsaya a wannan wuri. Kano da Zazzau masarautu biyu ne, kowace da jerin sarakunanta, sun kuma sha gwabzawa. An haɗa su ne saboda kujerar ɗaya ce, sai aka ɗauki fitaccen suna daga nan, fitaccen birni daga can.

Ban ga laifin zaɓen Amina ba, jarumtarta ta cancanci haka. Abin lura shi ne alƙaluman tarihinta su ne mafi rauni cikin na waɗanda za a iya zaɓa. Kundin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908, ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, 1421 zuwa 1438, ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Wasu masana kuwa suna sa mulkinta tsakanin 1576 da 1610. Shekara 34 ɗin ta zo daidai, amma tsakanin ra'ayoyin biyu akwai tazarar kusan shekara 150.

A gwada da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa. Sarki na 20 ne a jerin da ya faro daga Bagauda a 999, ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shekara 36. Kundin ya lissafa masa sababbin abubuwa goma sha biyu. Gidan Rumfa yana nan, Kasuwar Kurmi tana ci, ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa majalisar Tara ta Kano, kuma Shehu Magili ya rubuta masa littafi kan mulki. Abin da mai tsara wasa ke nema ke nan: gini na musamman, kasuwa, tsarin shawara, malami. Barden lifidin da Age of Empires ya sa wa Hausawa ma yana da tushe a wannan kundi, wanda ya ce Kanajeji (1390 zuwa 1410) ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke Kano. Ga mai son adadin tattalin arziki, matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin 30,000, su kai 60,000 lokacin fatake, ya kuma ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300.

Wasannin kamfanin Paradox na Suwidin sun fi kusa da gaskiya, domin taswira suke bi, ba jerin gwanaye ba. A Europa Universalis IV, da ke farawa daga 1444 ya ƙare a 1821, Kano da Katsina da Zazzau kowace ƙasa ce mai zaman kanta. Wa'adin ya haɗa da jihadin da ya kawo ƙarshen mulkin Sarkin Kano Alwali a 1807.  Crusader Kings III kuma ya sa Daurama cikin waɗanda yake gabatar wa ɗan wasa a shekarar 867.

Wani ɓangare na dalilin ƙarancin kujerun kuɗi ne. Civilization VII ya fito a kan kusan dala 70. A canjin farkon 2025, wajen naira 1,500 kowace dala, ya haura naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashi a Najeriya a lokacin naira 70,000 ne. Ɗalibin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil ba shi ne mai sayen da kamfani ke lissafi da shi ba. Ɗaya ɓangaren shi ne abin da mai bincike a Amurka zai iya karantawa da Ingilishi, kuma a nan muna da abin nunawa. Wasa na bakwai ya karɓi waɗanda ba su taɓa hawa gadon mulki ba, irin su Konfushiyas da Ibn Battuta da Harriet Tubman. Nana Asma'u 'yar Shehun Daular Sakkwato (1793 zuwa 1864) ta cika wannan sharaɗi: ta bar rubuce-rubuce kusan sittin da Larabci da Fulfulde da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru na karantar da mata a ƙauyuka, kuma Jean Boyd da Beverly Mack sun tattara ayyukanta da fassarar Ingilishi tun 1997.