Gawar Da Ba A San Danginta Ba

'Yan'uwa mata, tsakanin Asibitin Malam Aminu Kano da ke Gyaɗi-Gyaɗi da maƙabartar Tarauni ba nisa, amma gawar da ba a shaida ba takan daɗe kafin a kai ta makwancinta. A gida kuwa an bar mace cikin zullumi: ba ta shiga takaba ba, gado bai rabu ba.

A 2002, da jirgin EAS ya faɗo a Gwammaja, wuta ta hana gane gawarwaki da dama. Amma a haɗarin jirgin Dana na Legas a 2012, an gwada ƙwayoyin halitta, wato DNA, na mamatan da na iyalansu, domin ɗa rabi yake gada daga uwa, rabi daga uba. A Amurka har dangin nesa ake bi: ta haka aka gano sunan wata budurwa a 2018, wadda aka tsinci gawarta tun 1981.

Don haka in naki ya ɓace, Allah ya kiyaye, a sanar da 'yan sanda da wuri, ki adana buroshin haƙorinsa, kuma in an nemi jini ko yawu, a bayar. Allah ya jiƙan magabatanmu.