Del Potro da tsadar jinya: Me ke sa ɗan wasa komawa fili kafin ya warke?

A watan Satumbar 2009, wani matashi ɗan ƙasar Ajantina mai shekara 20, Juan Martín del Potro, ya doke Rafael Nadal a wasan kusa da na ƙarshe na gasar tanis ta US Open, sannan ya kayar da Roger Federer a wasan ƙarshe. Masu sharhi sun ɗauka an samu wanda zai karya lagon manyan nan biyu. Sai dai har ya yi ritaya bai sake ɗaga ko ɗaya daga cikin manyan kofuna huɗu na duniya ba, kuma wuyan hannunsa da gwiwarsa ne suka tare masa hanya.

Wata takwas bayan wancan kofi aka yi masa tiyata a wuyan hannun dama, ya rasa kusan dukkan kakar 2010. Ya farfaɗo har ya samu lambar tagulla a gasar Olamfik ta Landan a 2012. Daga nan hannun hagu ya ɗauka: tiyata uku tsakanin Maris ɗin 2014 da Yunin 2015. Lokacin da ya koma fili a Fabrairun 2016, sunansa ya gangara ƙasa da na 1,000 a jerin 'yan wasan duniya.

Wannan jerin shi ne tushen matsalar, kuma ɗan kasuwa zai fi ma'aikacin gwamnati saurin gane ta. Ɗan ƙwallon ƙafa yana da kulob, albashinsa na tafiya ko yana kwance a asibiti. Ɗan tanis kuwa mai zaman kansa ne. Shi ke biyan koci da mai gasa masa jiki, shi ke sayen tikitin jirgi, kuɗin kyauta kuma ba ya zuwa sai an buga wasa. Halinsa ɗaya da mai shago a Kantin Kwari: ranar da bai buɗe ba, babu ciniki, haya kuma ba ta tsaya ba. Makin da ya tara a kowace gasa yana zubewa bayan mako 52, kuma da makin ake shiga manyan gasa inda kuɗin yake. Wanda ya kwanta shekara guda, zai tashi ya tarar da jarinsa ya narke.

Hukumar ATP mai kula da tanis na maza ta yi wa wannan ɗan sassauci. Wanda rauni ya kwantar da shi aƙalla wata shida zai iya neman a adana masa matsayin da yake kai a farkon jinyarsa, ya shiga gasa tara da shi, ko goma sha biyu idan jinyar ta kai shekara. Amma wannan matsayi ƙofa kawai yake buɗewa. Ba ya hana a haɗa mai jinya da gwanin gwanaye tun a zagayen farko, kuma da zarar adadin ya ƙare sai mutum ya tsaya da ƙafarsa. A 2024 hukumar ta fara wani shiri mai suna Baseline, wanda ke cike wa wasu masu rauni giɓin kuɗin shiga, sai dai bai wuce 'yan wasa 250 na sama ba.

Shi kuma jiki ba ruwansa da lissafin maki. Ƙashi yana da wadatar jini, shi ya sa karaya mai sauƙi kan haɗe cikin mako shida zuwa goma sha biyu. Jijiyoyin da ke riƙe gaɓa da guringuntsin da ke shimfiɗe a bakin ƙashi ba su da wannan gata. Jini kaɗan ke isa gare su, warkewarsu na da nawa, guringuntsi ma idan ya zaizaye da wuya ya koma yadda yake. Tsokar da aka daina motsawa kuma tana ramewa cikin 'yan makonni. Saboda haka ranar da ciwo ya lafa ba ita ce ranar warkewa ba. Tsakanin su biyun akwai watannin gashi da motsa jiki, kuma a wannan tsakanin ne yawancin 'yan wasa ke yanke haƙuri.

Del Potro ya dawo da dabara. Da yake hannun hagu ba ya jure bugun baya mai hannu biyu, sai ya koma yankar ƙwallon da hannu ɗaya, ya ɗora nauyin wasansa kan bugun gaba, wanda dama ana tsoronsa. Da haka ya fitar da Novak Djokovic da Nadal a Olamfik ta Rio a 2016, ya tsira da lambar azurfa. A Nuwamban shekarar ya taimaka wa Ajantina ta ɗauki Kofin Davis karo na farko a tarihinta, ya ma ƙarasa wasansa da Marin Čilić da karyayyen ɗan yatsa. A Agustan 2018 ya kai matsayi na uku a duniya. Wata biyu bayan haka ya faɗi a filin wasa a Shanghai, ƙoƙon gwiwarsa ta dama ya tsage. Ya koma wasa a farkon 2019, a watan Yuni kuma wannan ƙoƙon ya sake tsagewa a gasar Queen's da ke Landan. Ƙoƙon gwiwa yana cikin jijiyar da ke miƙe ƙafa ne, kowane taku sai ya ja shi, ƙarƙashinsa kuma guringuntsi ne. Tiyata ta bi tiyata, ciwon bai tafi ba.

Babu mai iya rantsewa cewa da ya ƙara wasu watanni a gida da gwiwar ta tsira. Amma akwai abin lura a wurin Federer, wanda ya janye daga sauran kakar 2016 gaba ɗaya saboda gwiwa, ya huta wata shida, ya dawo ya lashe gasar Ostireliya a Janairun 2017 yana da shekara 35. Ana yawan yaba masa haƙuri, amma a ganina aljihu ya kamata a fara yaba wa. Mutumin da ya tara abin da ba zai iya cinyewa ba ne ke iya ce wa likita sai ka sallame ni.

A gida ma lissafin bai canja ba, sifilin ne kawai suka ragu. Kano na da gasar Dala Hard Court da aka daɗe ana yi, a kan fili mai tauri, irin wanda ya fi kowane wahalar da gwiwa da idon sawu. Ɗan wasan da ya taso daga Kaduna ko Legas da kuɗin motarsa, idan ya gurɗe a zagaye na biyu, babu wani asusu da ke jiran sa. Can yamma da birni, a Ƙaraye da Rogo, ba tanis ake yi ba, amma akwai ƙwallon ƙafa a filayen makarantu, akwai dambe da kokawa idan kaka ta yi. Matashin da ya ji rauni a nan sau da yawa shi ne mai noman gidansu ko mai acaɓan da ake cefane da shi. Jinyar wata uku ba abin da gidan zai iya ɗauka ba ne, don haka da kumburi ya saɓe sai ya miƙe.

Wurin mai ɗori akan fara zuwa, kuma ba abin mamaki ba ne: yana kusa, an san shi, ana iya biyan sa da abin da ya sawwaƙa. Cikin masu ɗori akwai waɗanda suka gaji sana'ar, hannunsu ya san karayar da ba ta da rikici. Abin da hannu ba ya iya gani shi ne tsinkewar jijiya a cikin gwiwa, ko tsagar da ta ratsa har cikin gaɓa irin ta Del Potro. Ko hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya da guringuntsi, sai an kai ga na'urar MRI. Gwiwar da ke sulluɓewa idan an juya, ko take maƙalewa ta ƙi miƙewa, ta wuce targaɗe, aikin asibiti ce kamar Asibitin Ƙashi na Dala da sashensa na gashin ƙashi. Akwai kuma haɗarin da likitocin ƙashi a Najeriya suka daɗe suna kuka a kai, wato ɗaurin da ya matse har ya tsayar da jini. Idan yatsu suka yi sanyi, ko suka canja launi, ko ciwo ya riƙa ƙaruwa bayan ɗori, a sassauta ɗaurin nan take a nufi asibiti a ranar, domin sa'o'i kaɗan ne tsakanin haka da rasa gaɓar.

Del Potro ya buga wasansa na ƙarshe na gasa a Buenos Aires a Fabrairun 2022, ya sha kashi a zagayen farko, ya rataye ɗan ƙyallen da yake ɗaurawa a goshi a kan ragar tsakiyar fili. A ƙarshen 2024 ya bayyana cewa kullum sai ya sha magungunan kashe zafi, hawan bene ma da ciwo yake yi. Yana da shekara 36 a lokacin. Ranar 1 ga Disambar shekarar, Djokovic ya je har Buenos Aires suka buga wasan ban-kwana.