KOGIN MISISIPI: KOWACE GAƁA DA IRIN KIƊANTA

Mutane da yawa idan aka ce kiɗan Amurka, suna tsammanin abu guda ne. Amma wanda ya bi Kogin Misisipi tun daga mafarinsa har inda ya faɗa teku, zai tarar kiɗa yana sakewa kamar yadda harshe yake sakewa daga kasuwa zuwa kasuwa.

Shi dai wannan kogi ya taso ne daga wani tafki da ake kira Itaska a Jihar Minesota, can arewa wajen iyakar Kanada. Ya yi tafiyar fiye da mil 2,300, ya taɓa jihohi 10, kafin ya shiga Tekun Meziko. Sunan nasa ma daga bakin ƙabilar Ojibwe ya fito, ma'anarsa babban kogi. Su Ojibwe ɗin har yanzu suna nan a mafarin kogin, kuma a wurin bukukuwansu maza kan kewaye babbar ganga guda ɗaya suna bugunta tare suna waƙa. Maƙwabtansu kuwa jikokin Jamusawa ne da mutanen Suwidin da Norwe, waɗanda suka zo da goge irin na Turai da akodiyan, wato akwatin nan da ake ja ana matsewa kamar zugazugin maƙera.

Daga nan sai tsakiyar kogi, inda jiragen ruwa masu tururi suka riƙa dakon kiɗa tare da fasinja. Louis Armstrong, mashahurin mai busa ƙaho, ya yi aiki a irin waɗannan jirage daga 1919 zuwa 1921, yana saurayi, kuma ta haka garuruwan arewa da dama suka fara jin kiɗan jaz ido da ido.

Amma inda maganar take da nauyi shi ne yankin da ake kira Delta, wani shimfiɗaɗɗen fili mai baƙar ƙasa tsakanin birnin Memfis da garin Vicksburg. Nan ne gidan auduga. Bayan an hana bauta a 1865, baƙaƙen fata suka ci gaba da noma gonakin Turawa bisa sharaɗin a raba amfani in kaka ta yi. Mai gona shi ke ba da iri da abinci bashi, shi ne kuma ke riƙe da littafin lissafi, saboda haka manomi yakan ƙare shekara bashin da ke kansa ya fi na bara. A cikin wannan hali aka haifi kiɗan da ake kira bulus: mutum ɗaya da jitarsa, yana waƙar bashi, da matar da ta tafi, da jirgin ƙasan da yake fatan ya ɗauke shi.

Akwai abin da zai ba mai karatu sha'awa a nan. Wani Bature ɗan Ingila, Paul Oliver, ya rubuta littafi a 1970 inda ya nuna cewa bulus ya fi kama da kiɗan ƙasashen da ke kudu da Sahara, masu goge da molo, fiye da kiɗan ganguna na bakin teku. Wani masani, Gerhard Kubik, ya ƙarfafa wannan ra'ayi a 1999. Dalili kuwa shi ne a wurare da yawa an hana bayi buga ganga don tsoron kada su yi amfani da ita wajen shirya tawaye, amma ba a hana su kayan tsirkiya ba. Shi kansa banjo, wanda daga baya Turawan karkara suka rungume, bayi ne suka fara haɗa shi da ƙwarya da fata, ɗan uwan gurmi ne da molo. A tuddan da ke gabas da Delta kuma, wani tsoho mai suna Otha Turner ya rayu yana busa sarewar da yake yankowa daga kara har ya rasu a 2003.

A 1927 kogin ya yi ambaliyar da ta raba mutane fiye da 600,000 da gidajensu. A garin Greenville aka tsare baƙaƙen fata a kan ganuwar ƙasar da ke tare ruwa, aka sa su aiki da bakin bindiga, domin masu gonaki suna tsoron in aka kwashe su ba za su dawo ba. Charley Patton ya sa labarin wannan ruwa a faifai a 1929. Tsoron masu gonaki bai zama banza ba. Tsakanin 1910 da 1970 kimanin baƙaƙen fata miliyan 6 suka bar kudu suka nufi biranen arewa da yamma, musamman da injin tsinkar auduga ya shigo ya karɓe aikin hannu.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Muddy Waters, direban tarakta a gonar Stovall. A 1941 aka zo har ƙofar ɗakinsa aka ɗauki muryarsa don ajiya a babban ɗakin karatu na majalisar ƙasar. A 1943 ya hau jirgin ƙasa sai Shikago. Da ya ga hayaniyar birni tana danne jitarsa ta katako, sai ya koma mai amfani da lantarki. Masu sauraronsa na farko 'yan uwansa baƙi ne, ma'aikatan masana'antu waɗanda suke biyan kuɗi su ji muryar gida.

Memfis ma ta ci moriyar wannan ƙaura. A nan B.B. King ya yi suna a gidan rediyon WDIA. A nan kuma Elvis Presley ya yi faifansa na farko na kasuwa a 1954, da waƙar wani baƙar fata ɗan Misisipi, Arthur Crudup. Elvis ya zama attajiri, shi kuwa Crudup ya mutu a 1974 yana bin haƙƙinsa.

Can ƙarshen kogi sai New Orleans, inda a zamanin bauta aka bar bayi su taru ran Lahadi a dandalin Kongo su buga ganga. Wannan birni ne mahaifar jaz, kuma a nan 'yan badujala kan raka gawa da kiɗa mai sanyi, su komo da mai zafi. Yamma da birnin akwai Kajun, jikokin Faransawan da Ingilishi suka koro daga Kanada tun 1755. Daga 1921 aka wajabta karatu da Ingilishi kaɗai a makarantun jihar, har ana hukunta yara in sun yi Faransanci, amma harshen ya samu mafaka a cikin waƙa. Baƙaƙen fatan yankin kuma suna da nasu, zaidiko, wanda Clifton Chenier ya fito da shi duniya.

Ƙasa da New Orleans, cikin fadama, akwai wata 'yar al'umma ta masunta waɗanda kakanninsu suka zo daga Tsibiran Kanari tun 1778. Suna da waƙoƙin baka da tsohon Sifananci, na zambo da na labarin wahalar su. Guguwar Katrina ta 2005 ta rushe ƙauyukansu ta warwatsa su. Babban mawaƙinsu, Irvan Perez, ya rasu a 2008.