Me Ya Sa Muke Tsoron Dodo, Kuma Muke Son Labarinsa?

Ɗan'uwa mai karatu, ka tuna dare lokacin da kake yaro? An ci tuwo, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ga farin wata. Kaka ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Ku kuma kuka ce, "Ta zo mu ji ta." In ta Gizo ce da Ƙoƙi, sai dariya. Amma da ta ambaci Dodo, sai kowa ya matso kusa da ɗan'uwansa. Ƙaramin cikinku ya cusa kai cikin zanen uwarsa. Daren nan ba mai iya fita ƙofar gida shi kaɗai. To, gobe da dare wa zai fara cewa, "Kaka, a yi mana ta Dodo"? Shi dai wannan ƙaramin.

Abin da mamaki. Yaron da wuta ta ƙona ba ya roƙon a sake ƙona shi. Me ya sa tsoron Dodo ya zama abin marmari?

Bari mu fara da kamanninsa. Tambayi mutum goma a kasuwar Magarya ko ta Dungas, ka ce su siffanta maka Dodo. Wani zai ce gashi ne da shi har ƙasa. Wani ya ce haƙoransa zaƙo-zaƙo. Wani ya ce bakinsa yana haɗiye gari guda, da mutane da shanu. Ba za ka samu biyu da suka faɗi abu ɗaya ba, don ba wanda ya taɓa ganinsa. Amma ka lura da kyau. Haƙoran nan na kura ne. Bakin nan na kada ne. Girman nan na giwa ne. Kakanninmu sun zauna da waɗannan namun daji, sun sha wuyarsu. Sai suka ɗebo abin tsoro daga jikin kowace dabba, suka haɗa wuri guda, suka sa masa suna.

Sa'an nan ka dubi inda ake cewa yana zaune: cikin tafki, cikin tsohuwar rijiya, cikin kogon kuka, ko tsakiyar daji. Duk wuraren da yaro kan hallaka ne. Ƙasarmu ƙasar tafkuna ce da fadamu, da damina kuma ko ramin da aka haƙi ƙasar gini cika yake da ruwa. Ɗan shekara huɗu, in ka ce masa ruwa yana da zurfi, bai san zurfi ba. In ka ce masa Dodo na ciki, ya gane. Uwa ba ta iya bin yaro ko'ina, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga gona. Sai ta bar Dodo a bakin tafki yana yi mata gadi. Ai an ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Haka ma tatsuniyar yarinyar nan da ta ƙi samarin garinsu duka, ta bi wani kyakkyawan baƙo, sai da suka yi nisa cikin daji ya rikiɗe ya koma Dodo. Wannan ba sai an yi wa budurwa fassara ba.

Ba yara kaɗai ke da irin wannan labari ba. Ga Daura nan kusa da mu, ƙetaren iyaka. Labarin da aka gada ya ce wani maciji mai suna Sarki ya tare rijiyar Kusugu, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo Bayajida ya sauka gidan wata tsohuwa, Ayana, ya nemi ruwa babu. Ya tafi rijiyar da dare, ya sare kan macijin. Sarauniya Daurama ta aure shi, kuma daga zuriyarsa aka ce sarakunan Hausa Bakwai suka fito. Rijiyar tana nan har yau, mutane na zuwa ganinta. Masana tarihi suna gardama a kan wane ɓangare na labarin ne ya faru da gaske. Ni abin da nake so ka gani shi ne, me macijin ya hana? Ruwa. Duk wanda ya taɓa yin layi a bakin rijiya da bazara ya san ba tsoron da ya fi wannan. Shi ya sa labarin bai mutu ba.

Yanzu sai maganar daɗin. In ka tsorata, jikinka yana sakin wani ruwa cikin jini, likitoci na kiransa adiranalin. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya ƙaru, tsikar jiki ta tashi. Jiki ne yake shirin gudu ko faɗa. In kura ce ta gaske a gabanka, ba wani daɗi, ta kanka kake yi. Amma a kan tabarmar kaka, jikinka ya tashi, hankalinka kuwa ya san ƙofa a rufe take, baba yana zaure. Da an kashe Dodo, an ce "Ƙurunƙus," sai ajiyar zuciya. Wannan sanyin da ke biyo bayan tsoro, shi yaro yake nema gobe. Yana kuma koyon riƙe zuciyarsa tun abin bai zama na gaske ba.

Manya ma haka muke. In gardawa suka shigo kasuwa da kura da macizai, mai tumatir ma barin kayansa yake ya je kallo. Kura ta zabura, taro ya watse da ihu, sa'an nan kowa ya komo yana dariya, har da jefa kuɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma cire mata takunkumi da sarƙa, ka ga ko mutum ɗaya zai tsaya.

Wataƙila ka ce, to, an taɓa yin manyan dodanni na gaske a duniya? An yi wasu halittu da suka fi na tatsuniya girma, kuma a nan ƙasarmu Nijar. A jihar Agadas, cikin hamada, akwai wani wuri da ake kira Gadufawa. A 1965 wani masani Bafaranshe, Filip Take, ya tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabba a can. A wurin ne kuma aka samu ƙasusuwan wani kada da tsawonsa ya kai mita 9 ko fiye, kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum. A 1997 wani Ba'amurke, Pol Sereno, da mutanensa suka tono wata dabbar a wajen Ingal, mai dogon wuya, tsawonta kamar mita 18. Abzinawan wurin sun daɗe suna ganin irin ƙasusuwan nan a fili, suna danganta su da wani dodo na labaransu mai suna Jobar. Da masana suka zo sa mata suna a 1999, sai suka ce Jobariya. Ka ga yadda ƙashi na gaske yake haifar da labari. Abin dariya, ita wannan ganye take ci kamar raƙumi. Masana sun ce dabbobin nan sun rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, tun babu ɗan Adam. In Allah ya kai ka Yamai, shiga Gidan Tarihi na Bubu Hama, za ka ga irin ƙasusuwan da idonka.

A tafkunanmu kuwa, abin da ya fi cutar da mu ba ya da gashi ko haƙora. Dattawa sun san kurkunu. Mutum ya sha ruwan tafki, ya haɗiye wasu ƙananan ƙwari da ido bai cika gani ba. Bayan kamar shekara guda, tsutsa mai tsawon da kan kai mita ɗaya ta huda ƙafa ta fito, sau da yawa daidai lokacin noma. Jihar Damagaram ta sha fama da shi ƙwarai. Ba takobi ya kashe shi ba. Ƙyallen tace ruwa ne, da rijiyoyi da famfuna, da hana mai ciwon shiga tafki. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa babu sauran kurkunu a Nijar. Da an tsaya ana cewa iskar tafki ce ko jifa, da har yanzu ana naɗe tsutsa a tsinke.

Nan ne nake so ka yi hattara. Ba maganar aljanu nake ba, wannan fagen malamai ne. Ina maganar ranar da tsoro ya rasa inda zai sauka, sai ya sauka kan mutum. A 1995, shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna a Nijar, ina saurayi. Yara uku suka rasu a unguwarmu cikin mako biyu. Akwai wata tsohuwa a gefen gari, ba ɗa ba jika, idonta ɗaya ya lalace. Ban san bakin da ya fara cewa mayya ce ba, amma kafin kwana uku kowa ya ɗauka. Aka hana ta rijiya. Yara suka riƙa jifar bukkarta, kuma ba zan ɓoye maka ba, har da ni. Muna jifa muna gudu muna dariya, daidai yadda muke yi a gaban kurar gardi. Wata safiya aka tashi ba ta nan.

Bayan tafiyarta wasu yara biyu suka sake kamuwa. Masu allurar rigakafi suka zo, aka yi layi a ƙofar mai gari. Ruwan farko ya sauka, ciwon ya lafa, kamar yadda sanƙarau kan yi in zafi da ƙura sun wuce. Tsohuwar ba ta komo ba. Daminar nan bukkarta ta faɗi, maƙwabci ya shuka kuɓewa a wurin.