Me ya sa giyar sabuwar mota ke sauya hali bayan ta gama ranin?

Duk wanda ya taɓa sayen sabon babur a Gusau ya san ranin: ba a zuba masa wuta sai injin ya zauna. Mota mai giyar otomatik ma haka take, sai dai ita canjin nata ya fi fitowa a giya. A makonnin farko takan ɗan yi jinkiri ko ta fizga wajen shiga giya, daga baya kuma ta yi laushi. Abubuwa biyu ne ke jawo hakan.

Na farko ƙarfe ne. Ring ɗin fistin na buƙatar lokaci kafin ya zauna daram a jikin silinda, haka ma faifan kuloci da ke cikin giyabos. Idan suka zauna, gogayya ta ragu, mota ta ƙara sauƙin tashi, shan mai ma yakan ɗan sauka. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu kwamfuta ce. Kamar yadda kibod ɗin waya ke koyon kalmomin mai shi, ƙwaƙwalwar giya a motocin zamani tana lura da yadda direba ke taka totur, tana kuma daidaita matsin man giya da lokacin canji. Motar da kullum ke cikin cunkoson kasuwar Gusau ba za ta yi hali ɗaya da mai zirga-zirga zuwa Tsafe ba. A wasu motocin, cire batir na iya goge wannan karatu, sai giya ta koma kamar baƙuwa na ’yan kwanaki. Masu tokumbo su lura da wannan kafin su ruga wurin bakanike.

Littattafan Toyota da Honda sun yi kusan ittifaƙi: a guji taka birki da ƙarfi a kilomita 300 na farko, a kuma guji fizgar totur har kilomita 1,000, wasu motocin 1,600. Toyota ta ƙara da cewa kada a daɗe a gudu ɗaya. Ke nan mai sabuwar mota da ya miƙe daga Gusau zuwa Bungudu, ko ya bi ta Kwatarkwashi zuwa Tsafe, gara ya riƙa ɗan ƙarawa yana ragewa. Wannan doka ta hau kan injin da aka sauke aka sake wa ring.

Amma ba kowane canji ne alheri ba. Idan inji na kuka mota ba ta ƙara gudu, ko giya na bugawa da ƙarfi, ko man giya na warin ƙuna, wannan ba ranin ba ne. Zafin Afrilu, da kan kai digiri 40, babban abokin gabar man giya ne. Haka kuma zuba man otomatik na gama-gari a giyar CVT na iya kashe ta, alhali tana da nata man.

A nan waya ke da amfani. Motocin Amurka daga 1996 suna da kafar OBD2 a ƙarƙashin sitiyari. Da ƙaramar na’urar Bluetooth da manhaja irin Torque ko Car Scanner, mai mota zai iya karanta lambar matsala kafin a ce masa a sauke giyabos.