GARGAƊI: Hattara da Arahar Tsofaffin Motocin Alfarma a Yamai

Wannan kira ne na gaggawa ga duk wanda ya tara ƴan miliyoyinsa, ko ya kwashi adashi, ko ya ci bashin banki a kan albashinsa, yana shirin sayen tsohuwar Range Rover, Mercedes, BMW, Audi ko Porsche Cayenne don an yi masa tayi da kuɗin da bai fi na lafiyayyar Corolla ba. A dakata tukuna. Kada a ba da ko dala ta kafin alƙalami sai an zauna an yi lissafi.

Kuɗin motar ne ya karye, kuɗin riƙe ta yana nan daram. Motar da aka saya sabuwa da kuɗin da zai gina gida, in ta shekara 12 ko 15 farashinta yakan zube ƙasa warwas, amma kayan gyaranta, da man da take sha, da ilimin da ake bukata kafin a taɓa ta, duk suna nan a tsadarsu ta ranar da ta fito daga kamfani. Wanda ya hau ta a Jamus ko Amurka bai rabu da ita don ya gaji da jin daɗi ba. Ya sake ta ne a daidai lokacin da ya ga manyan gyare-gyare sun ƙarato. Kai da ka karɓa, kai za ka biya su.

Daga ina suke fitowa?

A shekarar 2020 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motocin gwanjo miliyan 14 daga Turai, Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. A shekarar 2020 ɗin kuma hukumomin ƙasar Holan suka binciki waɗanda ake lodawa daga can zuwa Afirka, suka tarar yawancinsu sun kai shekara 16 zuwa 20, mafi yawa ba su da takardar shaidar lafiya mai aiki, wasu ma an yanke musu tukunyar tace hayaƙi an sayar. Saboda haka in dillali ya dafa ƙirji ya ce maka, "Alhaji, wata tsohuwa ce ta riƙe ta, daga gida sai coci," ka saurare shi da ladabi, ka kuma tuna cewa kamashonsa yake nema.

Me ya sa abin ya fi tsanani yanzu?

A da, mota da kayan gyaranta ta Kwatano suke shigowa, su biyo Malanbil, su haye gada zuwa Gaya, su wuce Doso su iso Yamai. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe wannan gada. A Fabrairun 2024 CEDEAO ta ɗage takunkumin da ta ƙaƙaba wa Nijar, amma Nijar ta bar iyakarta da Benin a rufe. Manyan kaya suka koma biyowa ta Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera, cikin ayarin da sojoji ke rakiya, a yi makonni ana jira. Hanya ta ƙara nisa, kuɗin dako ya ƙaru, jira ya ƙaru. Mai Corolla ko Hilux bai ji jiki sosai ba, don kayansa na nan jibge a kasuwa. Mai motar alfarma kuwa, da zarar bakanike ya ce "sai an yi oda," to sai Dubai, ko Ladipo ta Legas, ko Ƙofar Ruwa ta Kano in an yi sa'a. Wani lokaci kayan ya iso bayan wata guda, a buɗe kwali a ga ba na wannan samfurin ba ne.

A auna da aljihu. Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike. Kayan gyara na Yuro 1,000 ya kama jika 656 tun kafin kuɗin jirgi, kuɗin duwan da ladan mai ɗaurawa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne a wata, wato wannan kaya guda ya haura albashin wata 15 na ƙaramin ma'aikaci. Sannan ga mai. Babban inji V8 a cikin gari, da kilim a kunne, yakan sha kusan lita 20 a kilomita 100. Wanda ke yin kilomita 1,000 a wata zai zuba lita 200, kuma a farashin sefa 499 da gwamnati ta tsayar a Yulin 2024, kusan jika 100 ke nan. Waɗanda suka kwana a layin gidajen mai lokacin ƙarancin esansi na watan Maris 2025 sun san abin da ake nufi da babban tanki.

Inda kuɗin ke zurarewa

Na farko, ƙafafun iska. Da yawa daga cikin waɗannan motoci a kan jakunkunan roba masu cike da iska suke tsaye, da famfo mai hura su, da na'urorin auna tsayi a kowace ƙafa. Roba tana tsufa, zafinmu da ƙurarmu suna gaggauta tsufanta. Da farko za ka fito da safe ka tarar motar ta ɗan karkata gefe guda, ka tada ta, ta miƙe, ka ce ba komai. Ashe jaka ta tsage, famfo yana ta aiki ba hutawa don ya cike abin da ke zuba, har shi ma ya ƙone. Ranar da ya ƙone, motar za ta durƙusa har tayoyi su shige cikin jikinta. Ku zaga garejojin garin nan ku gani: manyan motoci a gurfane ƙarƙashin bishiyar bedi, ƙura ta rufe gilashi har yara sun rubuta sunayensu da yatsa, akuya ta mayar da ƙarƙashinsu wurin shan inuwa.

Na biyu, zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan wuce digiri 40, ya doshi 45. Bututun ruwa, tulun ruwan radiyeta da mahaɗansu a injinan zamani na roba ne, kuma bayan shekara goma sukan bushe su yi ƙwari, su fashe ba sallama. Injin alminiyam ba ya yafe tafasa. In ya tafasa sau ɗaya a cunkoson gadar Kennedy, kansa na iya lanƙwashewa, magana ta koma ta sauke inji.

Na uku, gazuwal. Motocin dizal na Turai daga wajen 2009 suna da matatar da ke kama toka a bututun hayaƙi, na baya-bayan nan kuma suna shan wani ruwa mai suna AdBlue. An ƙera su ne don gazuwal mai tsabta ƙwarai. Matatar ba ta wanke kanta sai mota ta yi doguwar tafiya da gudu, abin da zirga-zirgar Yantala zuwa Babbar Kasuwa ba ta bayarwa, don haka sai ta toshe, mota ta rasa ƙarfi. In AdBlue ya ƙare, kwamfutar motar na hana inji tashi gaba ɗaya, kuma ruwan kansa yana lalacewa in an ajiye shi cikin zafi. Man kwalba na ƴan ruwa-ruwa kuwa, ɗan ruwa ko yashin da ke cikinsa ya isa ya kashe famfon mai da allurai.

Na huɗu, damina. Mun ga yadda kogin Isa ya karya shingensa a Lamorde a 2020, mun ga yadda ruwa ya datse manyan hanyoyin shiga birnin nan a Agustan 2024. Motar alfarma tana ɗauke da ƙananan kwamfutoci masu yawa, wasu a ƙarƙashin kujera, wasu a ƙarƙashin darduma, wasu a but. Kududdufin da tasi mai jan kai zai keta ya wuce, ita yana iya jiƙa mata ƙwaƙwalwa, daga nan fitilu su riƙa kamawa barkatai, ƙofa ta ƙi buɗewa, giya ta maƙale.

Na biyar, hannun da zai gyara. Kanikawanmu gwanaye ne a kan abin da suka saba da shi. Amma dabarun da ke ceton tsohuwar Starlet, irin su cire tamostat, zuba ruwan famfo a radiyeta, haɗa waya kai tsaye, ko juye kowane baƙin mai da aka samu, su ne ke kashe irin waɗannan injina. Wasu ko batir aka sauya musu sai an sanar da kwamfutarsu da na'ura. Masu wannan na'ura da sanin karanta ta ba su da yawa, kuma aikinsu ba arha.

Abin da ya wuce asarar kuɗi

Mota mai nauyin tan biyu da rabi a kan tsofaffin tayoyi, a kwaltar Doso da tsakar rana, haɗari ce ga na cikinta da na gefen hanya. Tayoyin waɗannan motoci manya ne masu tsada, shi ya sa masu su ke komawa ga gwanjo. Akwai kuma motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye su a Amurka, kamfanin inshora ya yafe su, aka yi gwanjonsu, aka gyara musu fuska aka turo mana, wasu babu jakar iska mai kare rai a sitiyarinsu. Wasu kuma suna ɗauke da jakar iska ƙirar Takata, wadda aka janye miliyoyinta a duniya saboda zafi da laima na sa ta fashe da ɓaraguzan ƙarfe. Ga kuma na sata: a watan Maris 2025 Interpol ta gudanar da samame a ƙasashe 12 na yammacin Afirka, ta gano motocin sata kusan 150, yawancinsu daga Kanada. In taka ta faɗa cikin irinsu, a ƙwace mota, kuɗi ya tafi, ka kuma sha tambayoyi.

Kafin ka biya

1. Ba a cinikin biri a sama. Kada ka tura kuɗi a kan hoto ko bidiyon WhatsApp.

2. Ka zo da bakaniken da kai ka zaɓa, kai ka biya, mai na'urar bincike. In mai mota ya hana a jona mata na'ura, ka yi sallama.

3. Ka ga motar da sassafe, bayan ta kwana ba a tada ta ba. Ka dubi tsayuwarta a ƙafa huɗu, ka saurari inji a tashin farko, ka duba launin hayaƙi.

4. Ka murɗa makulli ba tare da tada inji ba. Dole fitilun gargaɗi su kama duka, har da na inji da na jakar iska, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an kashe ta ne don a ɓoye cuta.

5. Ka ɗaga darduma, ka leƙa ƙarƙashin kujeru da ramin safaya. Busasshen laka, tsatsa a kan ƙarfen kujera, ko warin ruma da aka danne da turare, alamun ambaliya ne.

6. Lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17 ta zama ɗaya a gilashi, a ƙofa da a takardu. Ka sa a bincika tarihinta a intanet, ka kai ta wurin ƴan sanda a tabbatar ba ta sata ba ce, ka kuma tantance takardun duwan.

7. Ka karanta shekarun taya. Alƙaluma huɗu na ƙarshe a gefenta, kamar 2318, suna nufin mako na 23 na shekarar 2018.

8. Ka je kasuwa da kanka ka tambayi kuɗin abu biyar: jakar ƙafa, famfon ruwa, birki, taya guda, da fitilar gaba. Ka tambayi kuma kwana nawa za su yi kafin su iso.

Ga wanda ya riga ya saya

Ka riƙa juyen mai kafin lokacin da littafin motar ya faɗa, don ba a rubuta shi da ƙurar hunturunmu a zuci ba, kuma ka sa irin man da kamfani ya ƙayyade. Ka riƙa sauya matatar iska a kai a kai. Ka sha mai a gidan mai kawai. Allurar zafi na hawa, ka faka ka kashe inji nan take, ko da saura taku kaɗan ka isa gida. Kada ka shiga ruwan da ba ka ga ƙasansa ba. In kuwa gyaran shekara guda ya fara cin kuɗin makarantar yara da na cefane, ka sayar tun tana tafiya da ƙafarta, ka kuma faɗa wa mai saye gaskiyar lafiyarta, don ɓoye aibi a ciniki haramun ne.

Ma'auni ɗaya ya isa. In bayan ka biya kuɗin mota, duwan, inshora da sauran takardu ba ka da wasu miliyoyi a ajiye da za ka iya kashewa kan gyara ba tare da ka taɓa abincin gida ba, wannan mota ta fi ƙarfinka, ko da kuɗin sayenta na hannunka. Ka nemi wadda kayanta ke kasuwa, wadda bakaniken Doso, Konni ko Maraɗi zai iya tayar maka da ita in ta tsaya a hanya.

Iyaye, ku ja kunnen samarin da ke son shiga fada da babbar mota. Mata, ku tambayi maigida lissafin gyara tun kafin a yi walimar saye. Wanda ya karanta ya isar wa wanda bai karanta ba, musamman wanda ka san dillali na jiransa gobe. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da rayukanmu, amin.